Zuwa Ga Bawana Na Zazzau, Mai Kama Ruwa Ba Buta

Bawana, ina gaishe ka irin gaisuwar da ubangida yake yi wa baransa, wato a gajarce. Ina fata ka sauka lafiya ranar da na cika maka kuɗin mota a Na'ibawa, bayan ka daɗe kana laluben aljihun da ni da kai muka san babu komai a cikinsa sai kwalin ashana. Ba sai ka biya ni ba. Tun kaka da kakanni Bakano ne yake ɗawainiya da Bazazzagi, ba kuwa a kaina za a fasa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɓarin bakin da ka yi a wurin ɗaurin auren 'yar ƙanena. An shafa fatiha ke nan, ana rabon goro da dabino, sai ka gyara zaman hularka da rana ta gama cinye launinta, ka ɗaga murya yadda kowa zai ji, ka ce wai labari ya iso muku Zariya cewa goron ɗaurin auren Kanawa yanzu ba ya cika sai an ɗora kwalbar kodin a kai. Jama'a suka fashe da dariya, har da limamin da ya kamata ya tsawatar maka. Na yi shiru don ni ne mai masaukin baƙi, kuma ba a dukan bawa a gaban surukai. Amma idona yana kanka. Tsakanin ɗaurin aure da walima sau uku ka miƙe kana cewa za ka kama ruwa, duk ukun kuwa ba ka ɗauki buta ba. Sai ka zagaya bayan layi, ka dawo kana tsotsar Tom Tom, babbar rigarka tana ƙauri kamar an yi gobara a rumbun taba. Gwano dai har yau bai ji warin jikinsa ba.

Bari in fara da biyan bashi, don Bakano ba ya musun lissafi. A watan Janairun 2019 aka fitar da rahoton binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Suka ce 'yan Najeriya miliyan 14.3, daga mai shekara 15 zuwa mai 64, sun taɓa wani kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken, kuma ba a saka giya da sigari a lissafin ba. Masu wiwi miliyan 10.6, masu tiramadol da danginsa miliyan 4.6, masu maganin tari miliyan 2.4. Cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. Da aka zo kan jihohi, Kano ta tashi da mutum 16 cikin ɗari, sama da mutum miliyan ɗaya ke nan, Kaduna kuwa 10 cikin ɗari. Na amsa. Sai dai ka manta ka gaya wa 'yan ɗaurin aure cewa Legas ta tashi da 33, don ka san ba ka da abokin wasa a Legas da zai cika maka kuɗin mota.

Ni ma ina da nawa bayanin kan goman nan taku. Ma'aikacin ƙididdiga idan ya tambayi Bakano, sai ya ba shi amsa ya koma kan cinikinsa, don yana da abin yi. Idan ya tambayi Bazazzagi kuwa, sai ya karɓe takardar ya fara gyara masa turancin da ke ciki, ya tambaye shi a wace jami'a ya yi karatu, ya kawo masa tarihin Sarauniya Amina, har magariba ta yi bawan Allah ya naɗe takardunsa bai rubuta komai ba.

Ka kuma ambaci kwalbar kodin miliyan 3 da aka ce ana shanyewa kullum a Kano da Jigawa. A zauren Majalisar Dattawa aka faɗi wannan a 2017, kuma har yau ina neman wanda ya zauna ya ƙirga. Amma ban isa in ce babu abin ba, don na gani da idona. A shekarar da aka faɗi hakan, gab da faɗuwar damina, muka fito aikin gayya yasar kwata a layinmu. Da shebur ake kwaso kwalaben, 'yan ƙanana masu ruwan ƙasa-ƙasa, wasu takardar jikinsu ko jiƙewa ba ta gama yi ba. Muka cika buhu, muka ɗauko wani. Layin nan gida bai kai talatin ba, kuma duk mun san juna a sahun sallah. Wani dattijo ya tsaya yana kallon tulin, ya ce lallai 'yan wata unguwa ne suke zuwa su zubar mana. Kowa ya gyaɗa kai, don babu wanda yake so ya koma gida ya ɗaga katifar ɗansa.

Abin da ya sa kodin ya shige mu ba mu ankara ba shi ne ba shi da wari, kuma sunansa magani. Giya tana tona asirin mai shanta tun daga zaure. Wiwi ma haka. Wannan kuwa a juye shi cikin kwalbar lemo, yarinya ta riƙe a gidan biki tana kurɓa, uwarta tana gefe tana ganin lemo 'yarta take sha. Da ya shiga jiki, hanta takan juya wani sashensa ya koma mofin, maganin nan da ake yi wa wanda aka yi wa babbar tiyata allurarsa. Sai jiki ya mutu, harshe ya yi nauyi, magana ta riƙa fita a jaye, ido ya lumshe, ga soshe-soshe, ga bayan gida ya ɗaure na kwanaki. Yau kwalba ɗaya ta isa, bayan wata biyu sai uku. Babban haɗarinsa kuwa yana rage saurin numfashi, idan aka haɗa shi da ƙwayar roci ko giya mutum yana iya kwanciya barcin da ba zai tashi ba. Akwai amaryar da aka kai wani gida kusa da mu, wata na huɗu uwar miji ta shiga taya ta gyaran ɗaki ta buɗe ƙasan durowa. Ban ga abin da ta gani ba, salatinta kawai na jiyo ta katanga. Auren bai kai Babbar Sallah ba.

To, a ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta saki fim ɗin bincikenta kan kodin, wanda aka ɗauki wani sashensa a Kano. Ranar 1 ga Mayu ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya sanar da haramta shigo da maganin tari mai kodin da kuma haɗa shi a cikin gida. Shekaru ana kuka a masallatai da gidajen rediyo ba a ji ba, da Turawa suka haska a talabijin kwana ɗaya ya isa. Muka yi murna. Kwalaben kwata suka ragu, wannan gaskiya ne. Amma yaran da suka riga suka kamu ba su bi kwalaben sun ɓace ba. Kuɗin kwalba ya ninka sau da yawa, ɗan mai kuɗi ya ci gaba da saye a ɓoye, ɗan talaka ya gangara inda aljihunsa zai kai shi: roci, sholisho, madarar sukudaye, wani ma har zaƙami. An gudu ba a tsira ba.

Tiramadol shi labarinsa daban ne, kuma shi ya fi ba ni tausayi, don yawancin masu shansa neman ƙarfin aiki ne ya kai su. Lebura mai ɗaukar bulo, mai tura kura, ɗan adaidaita da zai kai balas da yamma, manomin da ya karɓi ƙwadago gona biyu a wuni ɗaya. Wanda NAFDAC ta yarda a sayar da takardar likita mai ƙarfin miligiram 50 ne da mai 100. Wanda yake yawo a tasha mai 225 ne, har da mai 250. Ya ɗauke maka gajiya yau, gobe ka tashi gaɓoɓinka kamar an yi maka dukan taron dangi, ba ka da magani sai ka ƙara. Idan ya yi yawa ya kayar da mutum yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, ka kuwa san abin da hakan yake nufi ga wanda yake riƙe da kan babur. Indiya, inda yawancinsa yake fitowa, ta ƙara tsaurara dokar fitar da shi a 2018. Shin ya ƙare? A 2022 NDLEA ta Buba Marwa ta buɗe wani katafaren gida a Lekki ta samu ƙwaya sama da miliyan 13. A Fabrairun 2025 kuma BBC ta sake bankaɗo wani kamfani a Indiya da ya canza salo, yana haɗa wasu magunguna biyu masu suna tafentadol da karisofurodol yana turowa Afirka ta Yamma da sababbin sunaye, aikinsu iri ɗaya. Ka toshe wannan rami, ɓera ya fito ta wancan.

Mu dai a Kano mun yi wani ƙoƙari da ya kamata ka yaba. Kasuwar magani ta Sabon Gari, inda aka daɗe ana sayar da magani kamar ana sayar da tumatir, an tashe ta a 2024 bayan hukuncin kotu, aka rufe shaguna sama da dubu, aka ce dillalai su koma sabuwar cibiyar da aka gina inda hukuma za ta iya sa ido. Ka san inda aka gina ta? Dangwauro, a kan titin Zariya. Mun matso muku da ita ne don rage muku kuɗin mota.

Yanzu bari mu zo kan naka, don tun ɗazu na ga kana murmushi kana laluben ashana.

Wane gari ne a Arewa aka kafa wa masana'antar sigari tun kafin a ba mu 'yancin kai? Zariya. Mu muna rini a Ƙofar Mata, muna jima, muna fatauci har Tarabulus, ku kuna naɗe ganye a takarda kuna sayar wa mutane hayaƙi. Manomanku suka noma, ma'aikatanku suka naɗe, aka loda a mota aka watsa ko'ina, har da Kano. Wane gari ne kuma aka kafa wa kamfanin giya a Kakuri tun 1963? Kaduna, wadda kullum kake bugun ƙirji kana cewa ƙasar Zazzau ce. To idan ƙasarku ce, har da Kakurin.

Ka riƙe wannan lissafin tunda ku ne 'yan boko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 duk miyagun ƙwayoyin da kake yi wa Kanawa gori a kansu, idan aka haɗa su, sun kashe mutum wajen 600,000 a duniya. Giya ta kashe miliyan 2.6. Taba kuwa tana kashe sama da miliyan 7 duk shekara, cikinsu har da fiye da miliyan ɗaya da ba su taɓa kunna ta ba, hayaƙin wani kawai suka shaƙa, kamar yadda uwargidanka da jikokinka suke shaƙar naka. Hukumar ta ce taba tana iya kashe rabin masu shanta idan ba su daina ba. A cikin hayaƙin nan da kake busawa sama kamar wani basarake akwai sinadarai sama da 7,000, wajen 70 daga cikinsu an tabbatar suna jawo ciwon daji. Nikotin ɗin kuwa cikin daƙiƙa goma zuwa ashirin yake isa ƙwaƙwalwa, ya fi motar Kwangila sauri nesa ba kusa ba. Shi ya sa ba ka iya zaman awa biyu a ɗaurin aure. Abin da yake tayar da yaron layinmu tsakar dare neman ƙwaya shi ne yake tayar da kai kama ruwa ba buta. Bambancinku, shi idan aka kama shi sai ofishin NDLEA, kai kuwa naka da tambarin gwamnati a jikin kwalinsa.

Akwai doka a kanka, ko ba ka sani ba. A 2015 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar taƙaita shan taba. Ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana aikensa sayowa, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, da tarar Naira 50,000 ko ɗaurin wata shida. Ta kuma hana sayar da ita kara-kara, sai dai kwali mai guda ashirin. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, yaushe rabonka da sayen kwali? Kullum kara biyu, ɗaya ma bashi. Daga Kwangila zuwa Samaru, daga Bata zuwa Kurna, wane mai tebur ne ba ya ɓare kwali ya sayar ɗaya-ɗaya? Waɗanda suka rubuta dokar sun san abin da suke yi: kara ɗaya shi ne ƙofar da yaro yake shiga, don kuɗin tara na makaranta ya isa ya saye shi. Dalilin da ya sa NAFDAC ta tashi hana giyar leda da 'yan ƙananan kwalabe ke nan a 2024, kamfanoni da ƙungiyoyin ma'aikata suka yi caa, aka yi ta ja-in-ja har aka ɗaga wa'adin. Dokar taba ita ko ja-in-jar ba ta samu ba, an dai rubuta an ajiye. Ni ban taɓa ganin an ci wani tarar nan ba, da kuwa da kai za a fara, kuma ni zan kai rahoto.

Na san abin da za ka ce, don na san bakinka: to kai fa, goro? Na amsa wannan ma. Haƙorana sun riga sun ba da shaida. Mu ne muka yi fataken Gwanja, jakuna da ayari har Salaga a ƙasar Ghana ta yau, kuma Alhassan Ɗantata da goro ya fara tara abin da ya tara. Har gobe in ka je kasuwar Mariri ka ga huhun goro sai ka rantse duniya ba ta da wani abinci. A cikinsa akwai kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi da shayi, kuma Coca-Cola ma rabin sunanta daga goro ta aro. Ranar farko ta azumi kafin la'asar kaina yakan sara kamar ana daka a ciki, in riƙa faɗa da yara ba dalili, uwargida ta ce ku ƙyale shi, goro ne yake tambayarsa. Likita ya ce in rage saboda hawan jini da gyambon ciki, na ce to, na fito na ɓare ɗaya a bakin ƙofar asibitin don in samu natsuwar tunanin maganarsa. Don haka idan na ga yaro ya rantse da Alƙur'ani ya daina ƙwaya, bayan sati ya koma, ba na saurin ce masa maƙaryaci. Ni da ɗan goro ya gagara, me zan ce wa wanda jikinsa yake karkarwa, hanci na zuba, gudawa da zufa da rashin barci suka haɗe masa?

Sai maganar giya, wadda ka ce wai mu Kanawa mun iya wasan kwaikwayo da ita. A nan sai na yi maka rabin gaskiya, kuma rabi ya ishi bawa. Hisbarmu ta fasa kwalba 240,000 a 2013. A Nuwambar 2020 ta fasa kusan miliyan 2. Na taɓa tsayawa kallon irin wannan: katafila tana bi ta kan tulin kwalabe, kumfa tana malala cikin ƙasa, ana kabbara, warin ya cika wurin har sai da na toshe hanci da hannun riga. Ban ce kada a yi ba. Dokar jiha ce, kuma ni ban taɓa ganin gidan da giya ta gyara ba. Na ga dai wanda ta busar wa hanta cikinsa ya kumbura, na ga direban da ta kai ƙarƙashin tirela. Amma a ranar nan, ina dawowa gida, na wuce yara uku a gindin wata bishiya sun yi tatul, ko ƙudan da ke bakinsu ba sa iya korewa, kuma babu kwalbar giya ko ɗaya a kusa da su. Abin da ya kayar da su ya fi ƙwayar gero girma da kaɗan, katafila ba ta ganinsa. Ga kuma gorin da 'yan Kudu suke mana, cewa muna fasa kwalba a Kano muna karɓar kasonmu na harajin VAT ɗinta a Abuja. Wannan gori yana da zafi, kuma ku ma da hannu biyu kuke karɓa, don haka kada ka yi dariya.

Hana giya a Arewa ma ai ya girmi Hisba. Tun yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla a Brussels a 1890, wadda Lugga ya ɗabbaƙa a nan, aka sa Arewa cikin yankin da ba a sayar wa 'yan ƙasa barasar Turawa. Sai aka bar ta a Sabon Gari don baƙi. Sama da shekara ɗari ke nan tsarin bai canza ba: cikin ganuwa babu, bayan ganuwa akwai, mai so kuma ya san hanya. Sabon Garinku da namu duk haka suke. Amurka ma ta gwada nata daga 1920 zuwa 1933, ta haramta giya a ƙasar baki ɗaya. Shan ya ragu, amma cinikin ya koma hannun 'yan daba irin su Al Capone na Chicago, mutane suka riƙa mutuwa da gurɓatacciyar barasa, daga ƙarshe suka soke dokar da hannunsu.

Ku da kuke alfahari da karatu, har kuna cewa duk malamin da bai zauna Zariya ba bai gama ba, ai kun san yadda aka haramta giya a Madina. Ba rana ɗaya aka yi ba. Sai da aka fara nuna cewa cutarwarta ta fi amfaninta, sannan aka hana kusantar sallah cikin maye, sannan hukuncin ƙarshe ya sauka a Suratul Ma'ida. Ranar da ya sauka, masu ita da kansu suka tuntsurar da tulunansu har ta gudana a lungunan gari. Ba a hayo katafila ba. An riga an yi aiki a kan masu shan kafin a zo kan abin shan. Mu kuwa kullum daga kwalba muke farawa, a kwalba muke tsayawa.

Me muke yi da wanda ya riga ya kamu? A nan ni da kai duk sai mu sunkuyar da kai. A Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa, cikin Kadunarku, suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Ba a daɗe ba aka rufe irinsu a Kano da Katsina. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, sun rasa inda za su kai su ne. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da na Barnawa da sashen da ke asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, gado nawa ne a cikinsu idan aka kwatanta da mutum miliyan ɗaya na Kano kaɗai? Ga kuma kunya: uba ya gwammace a ce ɗansa aljanu ne suka shafe shi da a gan shi a layin likitan ƙwaƙwalwa.

Akwai yaro a layinmu, ɗan marigayi abokina, tela ne mai hannu. Sau biyu ana kai shi gidan mari, duk dawowa sai ya fi da lalacewa, don a can ya ƙara sanin dillalai. Karo na uku kawunsa ya kai shi asibiti. Aka kwantar da shi makonni, ana rage masa azabar jiki da magani, ana zama da shi ana magana. Da ya fito muka haɗa kuɗi aka karɓo kekensa daga inda ya jinginar. Ya koma sau ɗaya, aka sake mayar da shi, ba a yi masa gori ba. Yanzu shekara uku ke nan. Rigar da na saka ranar ɗaurin auren nan, wadda ka shafa ka ce a ina Bakano ya samu ɗinki haka, shi ya ɗinka. Ban ce kowa haka zai warke ba. Na ce dai kuɗin man katafila na rana ɗaya zai yi wa irinsa da yawa, kuma zan so in ga ranar da gwamna, namu ko naku, zai tara 'yan jarida don buɗe ɗakin jinya da irin ɗokin da ake tara su don fasa kwalba.

To bawana, watan cika-ciki ya kusa, kuma ka san kuɗin shara yana kanka, na bara ma ba ka kawo ba. Bana na yafe maka kuɗi. Abin da nake so ka kawo mini shi ne ashanar nan da karan da ke maƙale a bayan kunnenka. Uwargidanka ta gaya wa tawa cewa tarin da kake yi da asuba yana riga ladanin unguwarku tashin mutane, kuma kwanan baya ta ga abin da ka tofar ba ta ji daɗinsa ba. Ranar Litinin ta sama zan shigo Zariya da motata, tunda kai ba ka da ita, in ɗauke ka mu je asibitin Shika a ɗauki hoton ƙirjinka. Kuɗin hoton ni zan biya, kamar kullum. Idan ka yi wata guda ba ka kunna ba, ni kuma zan rage goro daga biyar zuwa biyu a wuni, a gaban shaidu, kuma ka zaɓi shaidun da kanka, ban da Zage-zagi. Ka shirya da wuri, ƙarfe takwas ina ƙofar gidanka, kada kuma in zo a ce mini ka zagaya kama ruwa.

Ubangidanka na Kano.